Khalamma, Sun Kulle Saman Bene

Daga Allah muka fito, kuma ɗaya bayan ɗaya wurinSa muke komawa. A wannan karon Ya kira wadda muka fi jingina da ita. Ranar Litinin, goma ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ashrafunnesa Khatun, wadda duk mazauna benen Shiuli Nibash da ke unguwar Mirpur a Dhaka, babba da yaro, muke kira Khalamma, wato Inna. Ba ta yi jinya ba. Ta yi sallar asuba, ta sha shayinta, ta ce wa mai taya ta aiki ƙirjinta ya yi nauyi, kafin motar asibiti ta ratso cunkoson titinmu rai ya yi halinsa. An yi mata salla bayan la'asar a masallacin layinmu, aka kai ta makwancinta kusa da mijinta.

Ni ce Dilruba, 'yar haya a hawa na huɗu. Na faɗi haka tun da farko domin a benenmu wannan kalmar ita ke yanka wa mutum iyakarsa. Ba ni da kujera a taron ƙungiyar masu gida, in na ɗaga hannu ba a ƙirga shi, kuma ba ni da makullin saman bene. Abin da nake da shi a gidan nan miji ne da ɓarin jikinsa ya shanye, sai kuma ke, Khalamma. Yanzu saura mijin.

Waɗanda suka tare daga baya ba su san cewa filin da benen nan yake kai naki ne tun asali ba. A nan gidanku yake, ke da marigayi mijinki malamin makaranta, gidan kwano mai faɗin tsakar gida da bishiyar mangwaro. Da ya rasu ya bar ki da yara suna karatu, sai kika ba magina filin, suka tayar da bene, suka ba ki kasonki na gidaje a ciki. Kika yi ta sayarwa har Mahbub da Shirin suka gama makaranta, kika rage da guda ɗaya a hawa na biyu. Gida ɗaya ƙuri'a ɗaya, haka tsarin ƙungiya ya ce, kuma ba ki taɓa neman a fifita ki ba. Saman bene ne kawai ba ki yarda na ƙungiya ne ba. Kin sha ce mana: "Tsakar gidana ce suka ɗaga sama, ba wani abu ba. Ni kuwa ban taɓa korar maƙwabci daga tsakar gidana ba." Can kika kwashe shuke-shukenki, lemun tsami a rabin duro, barkono, yalo, lalle, da duman da ya bi igiya har ya haye ɗakin tanki.

Dokar da ta raba 'yan haya da sama daga biki ta samo asali. Wani ɗan haya, wanda ya daɗe da tashi, ya nemi izini ya yi bikin shafa wa 'yarsa kurkum a saman bene, kamar yadda kowa ke yi. Aka yi kiɗa, aka ci biriyani, aka shafe amarya da duk wanda ya kuskura ya matso kusa. Sai wani mai gajeren tunani ya ga sauka wanke hannu ya yi masa nisa, ya ɗaga murfin tanki ya tsoma har gwiwar hannu, wasu suka bi sahunsa. Washegari famfon kowa ya zubo da ruwa rawaya. Matar Badrul Saheb, injiniyan da ke shugabantar ƙungiya, sai da ta jiƙa fararen rigunansa kafin ta lura. Har yau ba wanda ya san ko hannun wa ne, kuma rabin waɗanda suka cika ciki da biriyanin nan masu gida ne da 'ya'yansu, amma a kan 'yan haya laifin ya sauka. A makon aka yi taro a gareji, aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin matakalar sama, aka raba makulli ga masu gida kaɗai.

Ke kuwa sai kika buga ƙusa a wajen ƙofarki kika rataye naki, duk mai shanya ya ɗauka. Ba a jima ba aka gano. Aka sake zama, aka canza kwaɗo, aka ƙara wa dokar wutsiya: ɗan haya ba ya hawa sai a matsayin baƙon mai gida, kuma dole mai gidan ya kasance a wurin da ƙafafunsa, tun daga hawa har sauka. Lissafinsu shi ne tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta jure ba, don lif a hawa na ƙarshe yake tsayawa, sauran matakala ce miƙaƙƙiya mai ƙunci. An ce kin bari sakatare ya karanta har ƙarshe, sannan kika gyara zama kika ce: "To madalla. Kowa ya ji da kunnensa, ni dai daga yau ina da baƙi kullum bayan la'asar." Aka yi dariya, ana zaton zafin tsufa ne, kwana biyu zai huce.

Mu mun tare ne bayan duk wannan, lokacin da mijina Khorshed ya yanke jiki ya faɗi a ma'aikatar ɗab'in da yake aiki, ya farfaɗo ba magana, ba hannun dama, ƙafa sai ja. Saboda lif muka zaɓi gidan. Tagoginmu duka bangon benen maƙwabta suke kallo, in ka miƙa hannu sai ka taɓa shi, rana ba ta leƙo mu ko da wasa. Mutumin da ya saba ratsa rabin Dhaka kullum ya koma kwance yana kallon fanka. Abinci sai da faɗa, aski ya ƙi yarda a yi masa. Likita ya ce a riƙa fitar da shi yana takawa, amma a ina? Titinmu mai ƙafa biyu ma da addu'a yake ratsa shi, tsakanin kekunan haya na riksho da babura da kwatar da ba murfi. Ina kallon mijina yana tafiya yana bari na alhali ga shi kwance a gabana, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Ke ma ban gaya miki ba. Ke kika buga mana ƙofa da sandarki, kika wuce ni kamar ba ki gan ni ba, kika tsaya a kansa. "Kai ne Khorshed? Tashi, ɗan nan. Ni ba gwiwa, kai ƙafa ɗaya, in muka haɗa sai mu tashi mutum guda." Na ce, "Khalamma, ba zai iya matakalar nan ba." Kika ce, "Ke aka tambaya?" Ranar nan mu uku muka hau, ke a gaba kina nishi kina tsine wa maginin da ya zana matakalar, shi a tsakiya, ni a baya na tallafe ƙugunsa. Da muka fita fili iska ta buge shi, sai ya tsaya cak ya rufe ido, rana na dukan fuskarsa. Ni kuma na zagaya bayan tanki na yi kukana, na share fuska na dawo.

Daga ranar nan la'asar ta zama abin da muke tashi domin sa. Da farko daga ƙofa zuwa duron lemun tsami kawai yake iya kaiwa, daga baya ya kai ga lalle, daga baya ya riƙa zagaye tanki yana dafa bututun ruwa. Kika ɗora masa aikin ban ruwa da hannun hagu, in ya zubar a ƙasa ki ce, "Siminti na shuka? Sake ɗebowa." Bai taɓa yi miki fushi ba, shi da ko cokali na miƙa masa ba daidai ba sai ya ture. Ya dawo da cin abinci, ya yarda wanzami ya taɓa kansa, don kin ce ba kya karɓar baƙo mai kama da ɗan fashi.

Sai ludo. Kowa a benen nan ya san Khalamma ba ta wasan ludo da gaskiya, amma ba mai iya faɗa. Wata rana Khorshed ya ɗaga kai yana kallon tantabarun maƙwabta suna shawagi, kika lallaɓa kika tura ɗan ludonki gaba gida uku. Kafin ki janye hannu ya cafke shi. Kika zaro ido kika ce, "Kai, ashe bakin ne kawai ya tafi, idon yana nan!" Sai ya yi dariya, dariya karkatacciya da rabin baki, har da hawaye. Tun da ya faɗi ban ji ta ba sai ranar. Daga baya na gane da gangan kike yin maguɗin a inda zai gani.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk matan haya na benen nan a inuwarki suka shanya barguna da sanyi, suka busar da barkono da yankakken mangwaro da zafi, yaransu suka san akwai sararin sama. Kuma ba zan ce ke mai sanyin hali ba ce, don bai kamata a yi wa mamaci ƙarya ba ko da ta yabo ce. Wadda ta shanya zane yana ɗiga kan barkononki ta sha faɗan da har ta sauka kunnenta na ƙara. Yaron da ya tsinki lemo ɗanye sai ya ɗebo ruwa bokiti biyar. Amma ba a taɓa yin ranar da kika ce yau kin gaji, kowa ya zauna a gidansa ba. Ko da damina, in ruwa ya ɗan tsagaita, sai mu ji sandarki a matakala.

Kowace shekara, in an zo babban taro, kina tayar da maganar. A gareji ake yi, masu gida a kan kujerun roba da shayi da biskit, mu 'yan haya a tsaye bayan motoci, an yarda mu saurara amma ban da magana. A taron bara kika dogara sandarki kika miƙe.

"Badrul, ɗan nan, gaya mini. Ranar nan da ke fitowa a sama, a takardar gidan wa aka rubuta ta?"

"Khalamma, ba maganar rana ba ce, maganar tsari ce. Yau shanya, gobe biki, jibi ɗan wani ya faɗo. Wa za a kama? Mu."

"To a ƙara wa katanga tsawo mana."

"Wannan kuma sai taro na gaba."

"Taro na gaba! Kai da taro na gaba har gemunka ya yi fari."

Aka yi dariya kamar kullum, aka ce a ɗaga hannu kamar kullum. Naki ya tashi shi kaɗai. Wata bazawara daga hawa na biyar ta ɗaga nata rabi, ta waiwaya hagu da dama, ta mayar da shi tana gyara mayafi. Ni ina bayan motar sakatare da hannuwana biyu lafiyayyu, ba su da amfanin komai.

Ba na son a karanta wannan a ɗauka Badrul Saheb mugun mutum ne. Shi ya tsaya aka gyara injin ruwa lokacin da muka yi mako muna saye a jarka, shi ya hana zubar da shara a matakala, kuma da aka sake kwantar da Khorshed a asibiti da kansa ya zo da lemo da ayaba. Ya yarda har zuciyarsa cewa in aka sassauta doka ɗaya sauran za su zube. Da mugu ne da na samu sauƙi, da na san wanda zan tsana.

A sanyin da ya wuce gwiwar ta ci ƙarfinki. Likita ya hana ki matakala, Mahbub ya yi ta kira daga Kanada yana roƙon ki da ki daina. Sai kika koma hawa a zaune, da baya da baya, ki ɗora jiki kan wannan tudu ki huta, ki ja zuwa na gaba, zanenki na sari yana sharar ƙura, mu muna tsaye a ƙasa muna jin kunyar kanmu. Kika bi gidajen masu gida ɗaya bayan ɗaya kina roƙon a yi karɓa-karɓa, kowa ya ɗauki yini ɗaya ya zauna a sama ko da na ɗan lokaci ne. Wannan ya ce ofis, wancan ya ce hawan jini, wata ta ce ba ta son ta ɓata da kwamiti. Wata la'asar, muna kallon Khorshed yana ban ruwa, kika ce mini a hankali: "Dilruba, na so in bar muku ƙofar nan a buɗe, ban iya ba. Abin da na iya kawai shi ne in zauna." Na ce, "Haba Khalamma, bar wannan magana, ai kina nan." Kika ce, "Yau dai ina nan." Sai na ci gaba da naɗe bargo.

Na gaya wa Khorshed rasuwarki a ranar, ya ji, ya juya fuskarsa bango. Amma washegari da aka kira la'asar sai ga shi ya jawo ƙafa har bakin ƙofa. Na rasa yadda zan yi, na sa shi a lif muka hau, muka tsaya gaban ƙofar ƙarfe da kwaɗonta. Daga nan na je wurin Badrul Saheb. Ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Ya kira ni da sunan girmamawa na matar ɗan'uwa, ya ce, "Bhabi, wallahi ina jin abin a raina. Amma ni kaɗai ba zan karya doka ba, sai a kawo maganar babban taro." Ni ma na kira shi ɗan'uwa, na ce, "Wa zai kawo ta, Bhai?" Ya ce, "Ai dole sai mai gida." Shi ma ya ji abin da ya faɗa, don mai gida ɗaya tilo da ke kawo ta jiya muka binne ta.

Ranar addu'ar kwana huɗu ƙungiya ta yanke cewa a saman bene za a yi, tunda nan kika fi so. Aka gayyaci kowa har da mu, kuma ba a karya doka ba, don duk masu gida suna wurin. Aka shimfiɗa darduma, liman ya zo, aka jera alkakin jilapi a faranti. Maza huɗu, dukansu masu gida, suka ɗauko Khorshed a kujera suka hawo da shi, abin da ba su taɓa yi ba tsawon shekarun nan. Badrul Saheb ya tashi ya ce ke ce uwar benen nan, muryarsa ta karye, kuma na yarda kukan gaskiya ya yi. Khorshed bai zauna ba. Ana addu'a yana bin tukwanenki da moɗa a hannun hagu, barkonon da ya langaɓe, lemun da ya fara zubar da ganye, ɗaya bayan ɗaya har ya gama.

Da rana ta yi ja aka shafa, aka naɗe darduma, mutane suka fara sauka. Aka kawo masa kujera, sai ya kama bututun ruwa da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki. Aka lallashe shi, ya ƙi. Wani ya ɗan ja shi, ya ƙara damƙewa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Badrul Saheb yana tsaye a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu, bai iya kallon mu ba, ya ce, "Bhabi, magariba ta yi, ki taimaka." Na dubi masu gidan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya ce ku sauka, ni zan ɗan zauna da shi. Wani ya duba wayarsa, wani ya sunkuya neman takalmi. Sai ni na durƙusa na ɓamɓare yatsun mijina daga bututun da hannuna, ina ɓamɓare wannan yana mayar da wancan, yana kallo na, yana fitar da wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Suka ɗauke shi a kujera. Muna cikin matakala na ji an datse kwaɗon.

Mahbub ya gaya mini zai koma bakin aikinsa, gidanki kuma haya za a ba da shi. Ban ga laifinsa ba, ko ni ce haka zan yi. Sai dai duk wanda zai shiga ɗakinki a bayan motoci zai tsaya tare da mu, ƙuri'arki kuwa ta bi ɗanki ƙetare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mahbub da iyalinsa, da Shirin da mijinta da 'ya'yansu a Khulna, da sauran dangi na kusa da na nesa. Ku sani mahaifiyarku ba ta yi zaman banza ba bayan kun tafi, kuma akwai gidaje a benen nan da za su riƙa ambaton ta a sujada muddin suna da rai. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ta bari. Ina yi wa ƙungiyar masu gida ta'aziyya ita ma, don ta yi rashi ko ta sani ko ba ta sani ba.

Khalamma, Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Duk tudun da kika ja jiki kika hau domin wani ya sha iska, Allah Ya mayar miki da shi daraja. Ya saukar da ke a gidan da ba a tambayar kowa a ƙofarsa ko shi mai gida ne ko ɗan haya. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Mu da muka rage a ƙasa kuma Ya ba mu juriya, domin tun ranar addu'ar nan Khorshed bai karɓi abinci daga hannuna ba, kuma ban san abin da zan ce masa gobe in an kira la'asar ba.